Motata na rawa tana ƙugi, mi ya lalace? Tambayoyi da amsoshi

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin ga kusan kullum sai an yi min su, wani a gareji, wani a waya, wani ko a bakin masallaci bayan an sallame zai ja ka gefe yace oga motata tana wata irin rawa kwana biyu. Shi yasa na tattara su wuri guda. Rawa da ƙara a mota kowacce da lokacin da take zuwa, kuma lokacin nan shi ke tona asirin abinda ya lalace, wanda ya iya faɗin yaushe motarshi ke rawa da yaushe take dainawa ba a cika cin kuɗinshi a banza ba.

Ni dai na san tana rawa kawai, daga ina zan fara?

Ka samu titi miƙaƙƙe mai kyau wanda ba cunkoso, irin hanyar filin jirgi ta wajen Boɗinga a nan Sakkwato da sassafe, ka kashe rediyo ka kashe AC ka rufe gilasai. Sai ka lura a gudu nawa rawar ke farawa, ka dubi maleji ka riƙe lambar. Ka lura in ka saki totur tana ɓacewa ko tana nan. Ka ɗan karkata sitiyari hagu da dama a hankali ka ji ko ƙarar ta canza, sannan ka taɓa birki ka ji. Kuma a ina kake jinta, a hannu ta sitiyari, ko a kujera, ko a ƙasan ƙafarka.

Gwajin da yafi kowanne amfani shine na firi. In ka kai gudun da take rawar sai ka maida giya firi na ɗan daƙiƙu, inji zai sauko sulo amma motar na ci gaba da gudunta. In rawar na nan daram to ba inji bane, abu ne da ke juyawa tare da taya, wato taya, rim, boris ko firofela (dogon bututun da ke kai juyi tayoyin baya). In ta ɓace to ko inji ne ko abinda ke jin ciwo sai an ɗora mishi ƙarfin inji, kamar kan shaf na ciki, wato mahaɗin sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa taya. Daga nan ka faka, a firi, ka taka totur a hankali har allurar inji ta kai inda take lokacin da kake gudu, in rawar ta dawo alhali mota na tsaye to ka bar zargin shaf da taya kwata-kwata. Don Allah kar ka kashe inji kana cikin gudu don gwaji, birki zai yi tauri sitiyari ma haka, kuma mai otomatik ya kula kar hannu ya zarce ribas.

Sitiyari na karkarwa daga 80 zuwa wajen 110, in na wuce nan ko na rage sai ta lafa

Mafi yawan lokaci balansin ne, wato nauyin taya bai daidaita ba a zagayenta. Tayar Corolla mai lamba 195/65 R15 zagayenta kusan mita 2 ne, a gudun 100 tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa guda, to ɗan nauyi kaɗan da ya fi yawa a gefe guda ya isa ya girgiza maka hannu. 'Yar darmar nan da ake maƙalawa a rim tana faɗuwa, musamman in mai faci ya cire taya ya maida bai damu ba. In a sitiyari kake ji tayoyin gaba ne, in a kujera ne ka duba na baya. Kafin ma ka biya kuɗin balansin ka leƙa cikin rim ɗin, da damina in ka shiga unguwanni irin Mabera ko ka je ƙauye laka na maƙalewa ta bushe a ciki, wanki kawai ke maganin wannan.

An yi min balansin har sau biyu amma ba ta daina ba

To ko rim ya lanƙwashe ko tayar da kanta ta mutu. Injin balansin zai iya nuna maka sifiri-sifiri alhali tayar ba zagayayya bace, shi nauyi yake aunawa ba siffa ba. Ka tsaya kusa lokacin da take juyawa a kan injin ka sa ido a bakin rim da saman tayar, in tana tsalle ko tana lilo zaka gani da idonka. Tayar da wayarta ta rabu daga ciki tana yin ƙulu, kuma ita tun a 20 ko 30 zaka ji motar na rangaji, sitiyari na kai da kawo da kanshi.

Wagga matsala muna da ita sosai a Sakkwato saboda zafi. Watan Afrilu da Mayu ana wuce digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa, ga tsohuwar taya Beljiyam da ta riga ta sha shekarunta a Turai, ga mai faci ya ɗura mata iska 50 da sunan wai ta fi gudu. Iskar da ta dace tana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, a ƙananan motoci yawanci 30 zuwa 35 ne. Shekarun taya kuma suna jikinta, lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT, in ka ga 2319 to sati na 23 na shekarar 2019 anka yi ta. Hanya mai sauƙi ta kama mai laifi: a maida tayoyin gaba baya, na baya gaba. In rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, magana ta ƙare.

Alaimen zai magance rawa?

A'a. Alaimen na maganin mota mai ja gefe guda da cin taya ne. Sai dai in bolojoyin ko tayarod ko bushin, wato mahaɗan ƙafar mota da sitiyari, sun yi sako-sako suna ƙara wa rawar ƙarfi, su kuma canza su ake yi kafin alaimen ɗin.

Tawa sai na ba ta wuta take rawa, ina sakin totur sai tayi tsit

Wanga shine alamar kan shaf na ciki, wanda ke shiga giyabos, a motocin da ke ja da gaba irin su Camry, Corolla, Accord, Civic, Golf, 406 da Sharan. Yawanci a cikinshi akwai ƙafafu uku masu 'yan boris da ke zamewa cikin kofi, in sunka ci jikin kofin sunka yi mishi gurbi, to duk sanda inji ya matsa sai su riƙa faɗawa gurbin suna fitowa, gaban motar gaba ɗaya ya riƙa kaɗawa gefe da gefe. Ta fi fitowa in mota na da lodi ko ana hawan tudu ko kana son wuce tirela ka danna sosai, yawanci tsakanin 50 da 90. Mutane da yawa suna ɓarnar kuɗi a balansin akan wannan, alhali balansin ba ruwanshi da totur, taya mara balansin ko ka taka ko ka saki rawarta ɗaya ce.

A rami ko a kan lif, makanike zai kama shaf ɗin kusa da kofin ya girgiza sama da ƙasa ya murɗa. Motsin shiga da fita ba laifi bane, haka anka yi shi. Sako-sako na sama da ƙasa mai yawa ko ƙwal-ƙwal in an murɗa shine ciwon. Amma kar a manta filogi ko kwayil mai gazawa shima in an matsa inji yana sa fizga, bambancin shine nashi fizga ce gaba da baya kuma sau da yawa wutar cek injin na kamawa ko tana ƙiftawa, in an sa kwamfuta zata nuna P0300 ko P0301 zuwa sama gwargwadon silindar da ke fashi.

In na karya kwana sosai ina jin ƙas-ƙas-ƙas

Kan shaf na waje ne, na wajen taya. Ka samu fili ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali kana ɗan taka totur, sannan ka juya ɗaya gefen, ka gwada da ribas ma. Wani ya tsaya a waje zai fi ka jin ɓangaren da ke ƙarar.

Robar shaf ce kawai ta yage, dole sai na canza shaf ɗin duka?

In ba ta fara ƙara ba kuma yagewar sabuwa ce, a'a. Amma fa a yi aikin yadda ya kamata, a cire kan a wanke shi tas da fetur ya bushe, a duba ƙwallayen da hanyarsu, a cika da baƙin giris ɗin shaf, a sa sabuwar roba da kilif na ƙarfe. Ba wai a cusa giris ɗin boris mai ruwan ɗorawa ta wurin yagewar a ɗaure da igiyar roba ba, wanda abin takaici shine ake yi a wurare da yawa.

Ka leƙa bayan tayarka yanzu ma ka gani. In roba ta yage zaka ishe giris ya fantsama a zagaye cikin rim da jikin shokazoba, ƙura ta manne a kai tayi kauri. Ka lakato na cikin robar ka murza tsakanin yatsu biyu, in ka ji tsakuwa-tsakuwa to yashi ya shiga, kuma da irin ƙurar da muke sha daga Nuwamba zuwa Fabrairu kan shaf ba ya daɗewa a haka. Da zarar ya fara ƙas-ƙas kuwa ba giris ɗin da zai dawo da ƙarfen da ya cinye.

Ina jin wani ƙugi guuu da ke ƙaruwa da gudu, boris ne ko giya?

Boris ɗin taya ƙugin shi kamar na injin markaɗe ne da kake jiyowa daga bayan gida, yana farawa wajen 40 ko 50 yana hawa tare da gudu, kuma ba ya kula da giyar da kake ciki ko firi. Abinda ke fallasa shi karkata sitiyari. In ka karkata hagu nauyin mota na komawa dama, in ƙugin ya ƙaru a lokacin to akasari boris na dama ne, in ya ragu na hagu ne. Nace akasari don wani lokacin yana yaudara, shi yasa ba a canzawa sai an ɗaga. A ɗaga tayar a kama sama da ƙasa a girgiza, sannan a juya ta da hannu ɗaya, ɗayan hannun a riƙe sifirin, boris mai ciwo zaka ji gurzarshi a cikin sifirin ko da kunne bai ji komi ba. Bayan doguwar tafiya ma in ka kai hannu kusa da tsakiyar rim ɗin zaka ji ya fi 'yan uwanshi zafi, amma birki mai kamewa shima yana haka.

Sai dai akwai taya da ke kwaikwayon boris sak. Ka shafa tafin hannunka a saman tayar, in ka ji tudu da kwari ko kaifi-kaifi to ta cinye ba daidai ba, yawanci shokazoba ne ya mutu. Ƙugin taya yana canzawa in ka sauka daga kwalta mai santsi zuwa mai kaushi, na boris ba ruwanshi. Kuma in za a sa sabon boris a matsa shi da fires, ba guduma ba, boris da yawa tun a ranar da anka sa su ake kashe su. A wasu motoci gefe guda na boris ɗin na da maganaɗisun ABS, in an juya shi baibai wutar ABS zata kama.

Tawa Hilux ce, rawar daga ƙarƙashin kujera take kuma ƙanana ce da sauri

Nan sai a duba firofela, dogon bututun da ke kai juyi daga giyabos zuwa dif na baya (akwatin haƙoran da ke raba juyin ga tayoyin baya biyu), a Hilux, Hiace, Land Cruiser da duk mai ja da baya. Shi yana juyawa sau 3 zuwa 4 ko fiye kafin taya tayi zagaye guda, shi yasa rawarshi ba kaɗawa bace, zirrr ce da ke sa madubin tsakiya ya dushe, kwalbar ruwa a gefen giya ta riƙa tsuma.

Abu na farko kuros, wato mahaɗin nan mai siffar gicciye da ke kan firofela. In ya bushe zaka ji gwaf lokacin da ka sa giya ko ribas, ko ƙiƙi-ƙiƙi a tafiyar hankali, kuma ka ga jan gari kamar tsatsa a bakin kofunanshi. A sa mota a firi a tokare tayoyi a kama firofelan a murɗa, kuros mai lafiya ba ya da motsi ko kaɗan. Wanda ya kame ya fi wuyar ganewa don ba ya motsi, sai an sauke shi an lanƙwasa da hannu a ji inda yake cijewa. Na biyu senta boris, wanda ke riƙe firofela a tsakiya, in robarshi ta tsage mota na bubbugawa a ƙasa daidai lokacin tashi musamman da lodi. Na uku 'yan ƙarafan balansin da ke manne a jikin bututun, ko lotsewa in an bugi dutse a hanyar ƙauye. Marsandi kuma maimakon kuros na gaba wata baƙar roba mai noti shida gareta, in ta tsattsage ita ce.

Ga wanda ke ba mutane wahala: rawar da ta fara bayan an yi aikin kuloci ko giya. Akwai wata Hiace mai jigilar Illela da anka kawo, an canza mata tayoyi biyu an canza boris duk a banza, ashe a wani gareji ne sunka zare firofelan gida biyu sunka maida shi ya goce da haƙori biyu, kunnuwan kuros na gaba da na baya ba sa kallon layi guda. Zare shi anka yi anka daidaita, ko sisin kayan gyara ba a saya ba. Duk makaniken da zai kwance firofela ya sa mishi alama da fenti ko alli tukunna. Masu Hilux kuma ku tuna firofelanku na da nonon giris, a riƙa ɗura mishi lokacin sabis.

Kuka nake ji daga baya, wiiii, in na saki totur sai ya canza murya

Dif ne ke magana. Kukan da ke bin totur, ya fito in ka taka ya ɓace in ka saki ko akasin haka, na haƙoran dif ne ko boris ɗin finiyon, wato ƙaramin haƙorin da firofela ke juyawa a cikin dif. A fara da mai. A kwance notin cikawa, man ya kamata ya kai bakin ramin, in ka zura yatsa ba ka taɓo shi ba ya yi ƙasa. A juye shi a dubi maganaɗisun da ke jikin notin ƙasa, ɗan laushin baƙin gari ba komi, amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko man ya zama fari-fari kamar an zuba madara to ruwa ya shiga, irin na masu kutsawa cikin ambaliya da damina. Yawancinsu man giya GL-5 suke sha, 80W-90 ko 85W-90, amma littafin motarka shine alƙali. Sabon mai na iya rage kukan, ba ya warkar da haƙorin da ya cinye.

Masu RAV4, Highlander da CR-V mai ja da ƙafa huɗu, ku daina haɗa taya girma daban-daban, yana wahalar da dif. CR-V ma tana da halinta, in man dif na baya ya tsufa sai ta riƙa gurnani a kwana mai tsanani, kuma man Honda na musamman take so. Hilux kuwa ba a barinta a 4H, wato ja da ƙafa huɗu, a kan busasshiyar kwalta, shine take cijewa tana tsalle a kwana.

A tsaye take rawa, in na sa D na taka birki AC na kunne, in na maida N sai ta lafa

Kujerun inji ne akasari, ko sulo yayi ƙasa da yawa saboda datti a maƙogwaron totur. A buɗe bonet a ja hambirki a danne birki da kyau, a sa D a ɗan taɓa totur, sannan R. Mai kallo ya tsaya a gefe, ba a gaban mota ba. In inji ya ɗaga sosai ko ya buga gwaf to wata kujera ta yanke. Wasu kujerun mai ne a cikinsu, in ka ga baƙin ruwa ya zubo a jikinta ta mutu ko da robar ba ta nuna ba. Masu cusa guntun taya a ciki ko su yi mata walda, inji zai daina tsalle kam amma duk rawarshi zata dawo cikin mota. In kuma ƙarar kacau-kacau ce ta gwangwani a wani mataki na totur, a bubbuga salansa da hannu in ta huce, sau da yawa falankin kare zafi ne ya saki.

Otomatik ce, tsakanin 50 da 80 sai in zaci gargada na hau, makanike yace giya ta mutu

Kar ka yi saurin sayen giya. In a totur kaɗan take yi kuma ta ɓace in ka danna sosai, to ka gwada wannan: tana cikin yi, ƙafar dama na kan totur yadda take, ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu iya yadda wutar birki zata kama. In rawar ta yanke nan take kulocin da ke cikin kwanbata, wato tulun da ke haɗa inji da giyar otomatik, shine ke zamewa, kuma sau da yawa tsohon mai ne ko man da ba nata ba. Ba kowane jan mai bane man giyarka. Toyota akwai masu T-IV akwai masu WS, Honda na son DW-1 wanda ya maye gurbin Z1, Nissan mai CVT kuma NS-2 ko NS-3, in ka zuba mata ATF na gama-gari ka kashe ta. A duba abinda ke rubuce a jikin sandar awo ko littafi. In man yayi baƙi yana warin ƙuna da ɓarɓashi a ciki to lallai abin ya wuce canjin mai.

Mai kuloci fa?

In tana karkarwa daidai lokacin da kake sakin kuloci a giya ɗaya, ko faifan ya sha mai ko ya ƙone ko kujerar inji ta yanke. Ƙarar da ke fitowa in ka taka kuloci ta rilis boris ce. Wadda ke nan a firi amma ta ɓace in ka taka, daga cikin giyabos take.

Sai na taka birki kawai take rawa

Faifan birki ne, a auna shi, in da sauran kauri a fere in babu a canza. A duba kalifa, wato abinda ke matse faifan, ko tana kamewa.

Zan iya tafiya Gusau ko Birnin Kebbi da ita a haka?

Ya danganta. Balansin ko kujerar inji zasu kai ka su dawo da kai. Amma taya mai ƙulu, boris da ya kai ga taya na motsi, kuros mai gwaf, kan shaf da ke ƙas-ƙas ko da a miƙe kake tafiya, waɗannan ka ajiye mota. Kuros na gaba in ya tsinke a gudu firofela na iya cakar ƙasa, kan shaf in ya fashe inji zai yi ta kuka mota ba ta motsi, kuma Gusau wajen kilomita 200 ce, ba hanyar da mutum zai so ya kwana a kai bace. Rawar da ta fara ba zato bayan an cire taya kuwa ka tsaya nan take ka duba notuna. Na Corolla da Camry ana ɗaure su 103 Nm a ma'aunin ƙarfin ɗauri, na Civic da Accord 108, a bi su gicciye, ba yaron mai faci ya hau sifana da ƙafa ba.

Shaf sabo zan saya ko Beljiyam?

Ni a ra'ayina, in ba zaka samu sabo na asali ba, Beljiyam na asali mai lafiyayyar roba ya fi sabo mai arha na kwali, musamman kan ciki, akwai sababbin da tun ranar farko suke rawa in an ba mota wuta. Ka tafi da tsohon naka a jera su a ƙasa, tsawo ya zo ɗaya, a ƙirga haƙoran duka kawunan biyu, a duba zoben ABS in motarka na da shi, don na otomatik da na mai kuloci ko a mota iri ɗaya suna iya bambanta. Ka murɗa kan da hannu ka ji ba ya cijewa ba ya sako-sako. Ku yi magana da mai shago tun kafin ka biya cewa in bai yi ba zaka dawo dashi, kuma in an zare shaf daga giyabos a duba sil ɗin wurin, a cika man giyar da ya zube kafin ka tada mota.